Kafaɗar Salasa Heremba

A Wartuna, zamanin da ake sayar da busasshiyar kwakwa da awon nauyi da ake kira pikul, ba mai ɗaukar kayansa ya nufi shagon Ongko Liong kai tsaye. Sai ya fara biyawa ta ƙofar gidan Salasa Heremba, ya sauke a gindin mangwaro, ya yi sallama. Salasa zai fito da sandarsa ta gora, wadda gumi da hayaƙi suka mayar baƙa wuluk, ya rataya buhu ɗaya a gaba ɗaya a baya, ya durƙusa ya sa kafaɗa, ya miƙe. Zai taka zuwa bakin rijiya ya dawo, ido a lumshe, kamar mai sauraron wata magana daga nesa. Abin da zai faɗa ba ya wuce uku: a ƙara, a rage, ko ya cika. In ya ce ya cika, to pikul ne, wato ƙaramin awo na kati sau ɗari cif, mai kaya ya wuce shago da ƙarfin gwiwa. Ladan Salasa ɗan taba ne, ko kifi, ko 'ya'yan pinang na taunawa, kuma ko wannan sai ya jujjuya shi a hannu kafin ya ce ya gode.

Gajere ne mai faɗin baya, kafaɗarsa ta dama ta yi kanta kamar tafin ƙafa. Bai taɓa yarda da abu a karon farko ba. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya tsaya nazarin abin da kake nema a wurinsa. In ka wuce ba ka gaishe shi ba, to akwai abin da kake ɓoyewa. Matarsa Sapia takan ba da labari tana dariya, cewa ranar da aka kai ta ɗakinsa sai da ya matso da fitila kusa da fuskarta, don ya tabbatar ita aka kawo ba yayarta ba. Shi ba ya dariya in ana wannan labari. Yakan ce ai an taɓa yi wa wani a garin Kokas.

Da dako ya fara, yana saurayi, a wurin mahaifin Liong. Daga rumfunan da ake busar da kwakwa da hayaƙi zuwa shago, daga shago zuwa bakin teku ranar da jirgi ya zo, shi da sandarsa safe da yamma. Sauran 'yan dako suna sauke kaya su tafi shan iska, shi kuwa sai ya tsaya ya ga inda sikeli ya tsaya, saboda ya tabbata a ransa tsohon yana cutar mutane, kuma yana so ya kama shi. Bai kama shi ba har tsohon ya mutu. Abin da ya samu a madadin haka shi ne kafaɗar da ta haddace nauyin pikul yadda harshe yake haddace ɗanɗanon gishiri. Mutane suka lura, suka fara cewa ya ɗaga musu kafin su kai, har abin ya zama al'ada, har yara suka tashi suka tarar da shi haka.

Ba mai shago kaɗai yake zargi ba. Kafin ya rataya buhu sai ya zura hannu har ƙasa ya lalubo ko akwai yashi ko tsakuwa. Sai ya ɓalli kwakwar ya lasa, domin akwai masu yayyafa ruwan teku don ta ƙara nauyi. In ya ji gishiri ba ya cewa komai, tofar da yawu kawai zai yi ya koma cikin gida, mai kaya ya kwashi kayansa da kunyarsa. Saboda haka shi ma Liong ya yarda da shi. Ranar da aiki ya yi yawa, in aka ce Salasa ya ɗaga ya ce ya cika, ko ratayawa a ƙugiyar sikeli ba ya yi.

Liong a Wartuna aka haife shi. Ubansa Basine ne da ya zo da jirgi, uwarsa kuwa 'yar gari ce, kabarinta yana bayan coci. Ya auri Marta, 'yar kawun Sapia, ya gaji shagon da sikelin ubansa, irin mai doguwar sanda da ƙugiya a gefe ɗaya, da dutsen ƙarfe da ake zamewa a kan sandar har ta daidaita. Tare suka yi wasan ƙasa da Salasa, tare suka tsufa suna tsokanar juna. Liong yana kiran sa sikeli mai ƙafa, shi kuma yana ce masa mai dogon yatsa. Shekara da shekaru kafaɗa da sikeli ba su saɓa ba, amma in ka ce wa Salasa ashe Ongko mai gaskiya ne, sai ya ce maka gaskiyar dole ce, don ya san ana kallon sa.

Shekarar da aka yi doguwar damina, zazzaɓi ya kwantar da Salasa har masu dubiya suka fara magana ƙasa-ƙasa a ƙofar ɗaki. Ya tashi, ya rame, furfura ta cika masa kai. Maganin da Marta ta aiko bai sha ba, ya ce bai san abin da ke ciki ba. Da rana ta dawo aka koma fasa kwakwa, ya ɗauko sandarsa ya koma gindin mangwaro kamar ba a yi komai ba.

Kayan Yakop aka fara samun saɓani a kai. Yakop ɗan ƙanwar Salasa ne, magidanci mai yawan surutu da son dariya. Kawunsa ya ɗaga ya ce ya cika, ya kai shago, sikeli ya ce da saura. Ya dawo yana dariya, yana cewa ko dai kwakwar ta ƙara bushewa a hanya tsakanin mangwaro da shago. Salasa bai yi dariya ba. Kashegari wani ya dawo da irin wannan labari, jibi ma haka. Ba ragi ne mai yawa ba, kati bakwai ko takwas a pikul, amma kullum ta gefe ɗaya yake, kullum mai kaya ne ke komawa gida ya ƙaro.

Salasa ya saɓa sanda ya nufi shago. Ya tarar da Liong yana auna wa wata mata kananzir, ya jira har ta tafi, sannan ya nuna dutsen sikelin da baki.

"Ongko, ina tsohon?"

"Wane tsoho? Shi ne wannan, na babana. Kai ka fi ni sanin sa."

"Na babanka yana da tabo a gindi."

"Juya shi mana."

Ya juya, ga tabon nan. Ya ce tabo ai ko da ƙusa ana yin sa. Ya ƙwanƙwasa dutsen a kunnensa, ya kankare shi da wuƙa yana neman inda aka huda aka ɗura darma. Ya shinshina igiyar, ya ce sabuwa ce. Liong ya ce igiya kam sabuwa ce, ɓera ya cinye waccan, amma bai taɓa jin igiya ta ci kwakwa ba. Salasa ya bi sandar sikelin da farce layi bayan layi, ya duba ƙugiyar, ya duba gungumen da ake rataye shi, har ƙasan wurin ya taka ya ce kamar ya karkace.

"Ka tafi da shi gida, Yaya," in ji Liong. "Ka ba shi abinci, ka lallashe shi, wataƙila ya faɗa maka abin da na yi masa."

Da a nan ya tsaya da an rabu da dariya. Amma sai ya sassauta murya, ya ce ai Salasa bai daɗe da tashi daga jinya ba, me zai hana ya ɗan huta wata ɗaya ko biyu, jiki ya dawo. Salasa ya dube shi ya daɗe. A ransa ya ce yau ga magana ta fito: mutumin nan so yake a ajiye sanda, ya samu fili. Ya fita ba sallama.

A gida Sapia ta zuba masa tuwon sagu da romon kifi, ta zauna nesa kaɗan tana tsinke ganye. Can ta ce, kamar ba da shi take ba, kwanakin nan in ya ɗaga kaya takan ji numfashinsa daga madafa, da can kuwa ba ta ji. Ya ajiye cokali, ya tambaye ta yaushe rabon ta da Marta. Ta ce jiya, a rijiya. Ya ce dama ya sani.

"Baban Jena, ni fa ba aiko ni aka yi ba."

"Wanda aka aiko ai ba ya cewa an aiko shi."

Ta ci gaba da tsinke ganyenta. Ta san mijinta.

Zargi abu ne mai saurin kama gari. Kafin wata ya ƙare, wadda ta sayi gishiri ta ce gwangwanin awon ya ƙanƙance, wanda ya sayi yadi ya ce sai da Ongko ya ja shi kafin ya yanka. Aka tuno maganganun da aka manta tun zamanin ubansa. Bencin ƙofar shago, inda dattawa suke zama da la'asar suna taunar pinang, ya zama ba kowa sai kaji. Mata suka rage tsayawa da Marta a rijiya. Wanda ya shiga shago sai ya sayi abin da zai saya yana kallon hannun mai shago, ba ya kallon fuskarsa. Gindin mangwaro kuwa ya cika da mutane, kowa da labarinsa, Salasa yana zaune a tsakiya yana gyaɗa kai. Bai taɓa samun masu ji da shi kamar a wannan lokaci ba. Abin da ya yi shekaru yana faɗa shi kaɗai, yau gari duka yana faɗa.

Maganar ta kai gaban Kapitan Dulah, mai gari. Filin da shagon yake a kai na dangi ne, aro aka ba uban Liong, kuma abin da aka ara ana iya karɓa. Matasa suka ce a karɓa, Ongko ya bi jirgi ya koma inda ubansa ya fito. Wani dattijo ya tambaya ina ne can ɗin, tun da mutumin bai taɓa wuce Kokas ba, aka yi kamar ba a ji shi ba. Kapitan mutum ne mai jan magana a hankali. Ya ce ba zai tayar da mutum daga inda aka binne cibiyarsa a kan jita-jita ba. A ɗauki kwakwa, Salasa ya ɗaga, Ongko ya auna, sannan a kai ta Kokas a ɗora a wani sikelin da bai san kowa ba. In na Kokas ya bi bayan kafaɗa, Ongko ya tashi. Liong ya ce ya yarda. Salasa ya daɗe yana tunanin me ya sa ya yarda da sauri haka.

Suka tafi da babban kwalekwale mai filafilai da tantin kama iska, Salasa da Yakop da wasu magidanta. Salasa ya zauna a kan buhunan tun daga Wartuna har Kokas, bai bari kowa ya taɓa ba, bai bari ruwa ya fantsama ba. A Kokas suka zaɓi shago da kansu, wanda ba su taɓa ciniki da shi ba. Mai shagon ya rataya kayan, ya zame dutse, sanda ta daidaita. Inda na Liong ya tsaya, nan wannan ma ya tsaya.

Kowa ya juya yana kallon Salasa. Shi ko gezau bai yi ba. Ya ja su gefe, ya tambaye su wane ne wannan mai shagon. Ba Basine ba ne? Ba jirgi ɗaya ke kawo musu kaya ba? Ba tare suke shan shayi in Ongko ya zo sari ba? Ya ce shi tun ranar da Ongko ya amsa da sauri ya san an riga an aiko da saƙo. Duk gaɓar nan bakinsu ɗaya, sun haɗa kai sun ƙara wa pikul nauyi a shekarar nan, in ka je Fakfak ma abin da za ka tarar ke nan. Maganar ta zauna wa mutane daram, domin ta fi daɗin ji a kan a ce sun yi tuƙin banza. Yakop ya ce wallahi shi ma ya ga mutumin yana murmushi tun kafin a rataya kaya. Suka sayar da kwakwar a yadda aka auna, suna ƙunƙuni, suka yanke cewa abin da za a faɗa wa Kapitan ke nan: sikelin Kokas ba shaida ba ne, ɗan'uwan wanda ake tuhuma ne.

Kafin su juya sai suka biya bakin tasha sayen shinkafa, saboda Mauludi ya gabato. Jirgi bai daɗe da sauke ta ba, daga Makasar, an jibge ta a rumfa, ƙananan buhuna ɗinkakku tun daga can, kowanne rabin pikul. Yakop ya ce kada a cuce su sau biyu a rana ɗaya.

"Kawu, ɗaga mana. In da saura mu bar musu kayansu."

Salasa ya zaɓi buhu biyu daga tsakiyar tarin, ba waɗanda aka miƙo masa ba. Ya duba ɗinkin, ba a taɓa farke shi ba. Ya rataya, ya durƙusa, ya sa kafaɗa, ya miƙe.

Kayan sun fi pikul. Ba kaɗan ba, sun fi sosai. Bakinsa ya buɗe zai ce a rage, sai ya rufe shi. Ya sauke, ya ce a canza masa wasu. Aka canza, ya ɗaga, haka. Ya zagaya bayan tarin ya jawo wasu biyu da kansa, ya taɓa su ko sun jiƙe, a bushe suke ƙayau. Ya ɗaga, haka dai.

"Kawu, in duk za ka ɗaga sai mu nemi wurin kwana," in ji Yakop. "Ya cika ko bai cika ba?"

"Ya cika."

Abin da ya faɗa ke nan, aka biya, aka loda.

A hanyar komawa iska ta ba su baya, aka ɗaga tanti, aka ajiye filafilai. Hira ta ɓarke. Yakop yana rabon kayan shagon tun ba a tashi mai shi ba: shi kwanon rufin yake so, wane ya ɗauki bencin, sikelin kuwa a jefa shi teku kifaye su riƙa auna junansu. Ana ta dariya. Salasa yana can gaba shi kaɗai, sanda a kan cinya, yana neman wanda zai zarga.

Ya fara da sandar. Ko an musanya masa ita lokacin da yake kwance? Ya bi ta da hannu, ga gurbin kafaɗarsa, ga tsagar da ya ɗaure da zare da kansa. Tasa ce. Ya koma kan masu shinkafa. Ya san duniya, ya san mai sayarwa yana ragewa, mai saye yana ƙarawa, kowa yana jan abin ta gefensa. Zai iya yarda cewa duk masu shagunan gaɓar nan sun haɗa baki a kan kwakwar Wartuna. Amma a ce wasu mutane a Makasar, waɗanda ba su san shi ba, ba su san akwai wani gari Wartuna ba, sun zauna sun ƙara shinkafa a kowane buhu kyauta, sun ɗinke, sun aiko wa baƙi, wannan kam ko a mafarki ba zai yarda ba. Ba mai cuta ta hanyar ƙara maka. In buhunan nan pikul ne, kuma ya ji sun fi pikul, to abin da yake ji pikul bai kai ba. Ya juya maganar ta kowace fuska, ya nemi ƙofar fita bai samu ba. Duk wanda zai zarga ya ƙare, saura mutum ɗaya, kuma yana zaune a cikin rigarsa.

Ya kai hannu ya taɓa kantar kafaɗarsa. Tana nan da taurinta, amma naman da ke ƙarƙashinta ya tafi, ƙashi yake ji.

Ba wanda ya sani sai shi. Ya ce shinkafa ta cika, kuma ta cika, ba wanda zai dawo kan maganar. In ya yi shiru, Ongko zai tafi, wani mai shagon zai zo, shi kuma ya ce idonsa ya fara ciwo ko bayansa, ya ajiye sanda da mutuncinsa, a riƙa ba da labarinsa a matsayin wanda ya kama ɓarawo. In ya yi magana, abin da ya tara tun yana saurayi ya zube a safiya ɗaya. Ya tuna bencin da ba kowa, ya tuna Marta tana jan ruwa ita kaɗai. Ya yi ƙoƙarin tuno wani laifi na gaske da Liong ya taɓa yi masa, ko guda, don ya jingina da shi. Abin da ya samu kawai shi ne mutumin ya cika tsokana.

Sapia ta ga yadda ya shigo gida, ta ga ya jingine sanda a bayan ƙofa maimakon inda ya saba rataye ta. Ta kawo masa abinci kawai.

Kashegari da hantsi aka taru a ƙofar shago. Labarin Kokas ya riga ya zagaya yadda matafiyan suka tsara shi. Liong yana zaune a kan bencinsa da farar singileti, hannuwa a kan gwiwa, Marta tana tsaye a bayansa. Ta cikin ƙofa ana hango akwatuna biyu da aka riga aka ɗaure. Yakop ya yi bayani da tsawo, da kwaikwayon murmushin mai shagon Kokas. Kapitan ya saurara har ya gama, sannan ya ce shi ba sikeli ya sani ba, Salasa ya sani, tun da shi ya fara maganar shi zai rufe ta. In ya ce a gaban jama'a an taɓa sikelin nan, to yau Ongko zai bar filin.

Salasa ya tashi. Ya zo ba sanda, hannuwansa sun rasa abin riƙewa. Bai kalli Liong ba, ƙasa ya kalla.

"Baba Kapitan, sikelinsa lafiya lau yake. Ba a taɓa shi ba. Kafaɗata ce ta tsufa."

Ya ba da labarin shinkafar a gajarce, ba ado, ya koma ya zauna.

Sai wani daga baya, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji, ya ce: "Me ya ba ka?"

Nan take ƙunƙuni ya tashi. Jiya-jiya mutumin nan yake rantsuwa a Kokas, yau ya kwana ya tashi da wata magana. Matarsa da matar Ongko ai 'yan'uwa ne. Wani ya ce ya ga hayaƙin taba mai kyau yana fita daga gidan Salasa da safe. Wata ta ce in kafaɗar ce ta lalace, to tun yaushe, kuma wa ya san ko da can ma ba tare suke ci ba. Duk irin tambayoyin da Salasa ya koya wa garin, su aka juyo masa da su, ɗaya bayan ɗaya, kuma ya san da shi ne a tsaye a baya, da abin da zai tambaya ke nan. Bai kare kansa ba.

Kapitan ya ɗaga hannu. Ya ce mai ƙara ya janye ƙararsa da bakinsa, sikeli biyu sun faɗi magana ɗaya, shi ba shi da hujjar tayar da kowa. Wanda ba ya son sayar wa Ongko, ga teku nan, ga kwalekwale. Aka watse ba daɗi. Marta ta shiga ciki ta fara kwance akwatuna. Liong ya taso ya nufo Salasa, amma Salasa ya miƙe ya bi ta bayan rumfunan hayaƙi ya tafi gida.

Shagon ya zauna. A hankali mutane suka koma, domin Kokas da nisa, gishiri kuma ba ya jira. Bencin ma ya sake cika, ko da yake ba kamar da ba. Gindin mangwaro ne ya mutu. Ba wanda ya ƙara sauke buhu a wurin, kowa ya koyi tsayawa a gaban sikeli ya karanta layukan da kansa. Garin ya rabu biyu a kan Salasa, kuma bai sake haɗuwa ba: wasu suka ce ya faɗi gaskiyar da ta fi ƙarfin yawancin maza, wasu suka ce an saye shi, har suna faɗin abin da aka ba shi, kowa da nasa.

Bayan kwana kaɗan Marta ta kawo ƙunshin taba, ta ce in ji Ongko, ba don komai ba. Salasa ya sa Sapia ta mayar, kuma ya ce ta bi ta tsakiyar gari da ƙunshin a hannu yadda kowa zai gani. Daga ranar bai ƙara taka ƙofar shagon ba, ko ashana bai ƙara saye a wurin ba, don kada a ga wani abu ya fito daga hannun Liong ya shiga nasa. In gishiri ko kananzir ya ƙare, sai ya tura ƙaramin kwalekwalensa ya tuƙa zuwa ƙauyen da ke bayan tsibiri, ya saya da tsada, ya dawo da yamma a gajiye. Sapia ta yi magana har ta gaji. Yakop ya ce zai riƙa sayo masa a ɓoye, ya ce abin ɓoye ai shi ake gani.

In sun haɗu da Liong a hanya sukan gaisa daga nesa. Wata rana Liong ya tsaya ya ce masa, yanzu saboda Allah sai su mutu a haka, kamar waɗanda suka yi faɗa? Salasa ya waiga hagu da dama kafin ya amsa.

"Wuce, Ongko. Ana kallon mu."

Ya rayu shekaru bayan haka, yana gyaran raga, yana kiwon kaji, yana zargin maƙwabta da satar ƙwai. Ranar da ya rasu, Liong, wanda shi ma ya tsufa har 'ya'yansa ke tsaron shago, ya yanko farin yadi mafi kyau da yake da shi ya aiko don likkafani. Sapia ta karɓa, ta shafa shi, ta yi kuka, sannan ta naɗe ta ba Yakop ta ce ya mayar, ya ce ta gode, daga can ya ɗauki kwalekwale ya je bayan tsibiri ya sayo wani. Aka jinkirta jana'iza har ya dawo. Liong bai ji haushi ba. Ya sa aka rufe shagon ranar, ya dogara sandarsa ya bi masu makara a baya-baya, ya tsaya daga wajen shingen maƙabarta har aka gama.